Ƙaramin Faranti, Babban Taro

Da magariba, a tsakiyar birnin Singafo, akan rufe titin da ke gefen tsohuwar kasuwar Lau Pa Sat, a hana motoci wucewa, a jera tebura da kujeru a kan kwalta. Masu gashi su hura gawayi, hayaƙi ya turnuƙe. Abin da suke sayarwa shi ake kira satay: naman kaza ko na sa ko na rago, a soke a tsinke, a gasa, a kawo shi da miyar gyaɗa da albasa. Bahaushe zai ce tsire ne, sai dai ƙulin ya koma miya. Akan zuba tsinke ashirin ko talatin a faranti guda, a ajiye a tsakiya, kowa ya miƙa hannu.

A kudancin ƙasar Sin kuwa, a Guangzhou da Hong Kong, akwai abin da ake kira dim sum. Ƙananan ƙulle-ƙulle ne na fulawa, da nama ko jatan lande a ciki, ana turara su a 'yan kwandunan gora. Kowane kwando guda uku ne ko huɗu kacal. Mutum ɗaya ba zai iya ɗanɗana iri goma ba, amma mutum biyar za su iya. Har ila yau, ba a fara zuba wa kai shayi sai an zuba wa na kusa, shi kuma ya ƙwanƙwasa tebur da yatsunsa alamar godiya.

Ƙanƙantar farantin, ke nan, ba rowa ba ce. Dabara ce ta sa mutum ya nemi abokan ci. Wanda aka ba kwanonsa shi kaɗai, kansa a sunkuye yake har ya gama. Wanda ke ci daga tsakiya kuwa dole ya ɗaga kai, ya duba ko babba ya ɗauka, ko yaro ya samu, kuma ya ji nauyin ɗaukar loma ta ƙarshe. Duk wanda ya tashi yana cin tuwo a akushi ɗaya da 'yan uwansa ya san wannan tarbiyya.

A shekarun baya-bayan nan, manyan gidajen abinci a Landan da New York sun rungumi wannan salo. Suna jera ƙananan farantai da sunan abincin titin Asiya, suna cewa a ci tare. Amma kama da wane ba ta wane. Idan kowane faranti ya yi tsada, hankalin mai ci yakan bar hira ya koma lissafi. Ba ya cewa a ƙaro, kuma ba ya gayyatar wanda ya tarar a bakin ƙofa. An ɗauko farantin, an baro arahar, alhali ita ce ke sa hannu ya sake.

Singafo ta gane haka tun da wuri. Maimakon ta kori masu tallar abinci, sai ta yi musu rajista a 1968 da 1969, sannan daga 1971 zuwa 1986 ta kwashe su daga tituna zuwa rumfuna masu ruwan famfo da magudana, a kan haya mai sauƙi. Yau irin waɗannan cibiyoyi sun haura ɗari, kuma teburansu na kowa ne: ma'aikacin banki da direban tasi, Basine da Bamale da Ba'indiye. A 2016 wani mai sayar da shinkafa da kaza, Chan Hon Meng, ya sami tauraron Michelin, lambar yabon da aka saba ba manyan gidajen abinci, a lokacin da farantinsa dalar Singafo biyu ne. A 2020 hukumar UNESCO ta sa wannan al'ada cikin jerin al'adun gado na duniya.

Masu suka suna da hujjoji biyu, kuma ba na banza ba ne. Ta farko ita ce tsafta, domin hannu da yawa a faranti ɗaya hanya ce ta yaɗa cuta. Sai dai maganin wannan ba raba kwano ba ne. Bayan cutar SARS ta 2003 a Hong Kong, da kuma annobar korona ta 2020 a Sin, an ƙarfafa amfani da tsinken ɗiba na musamman, wanda ba ya zuwa bakin kowa. An gyara yadda ake ɗiba, an bar taron yadda yake.

Ta biyu ita ce halal. Naman alade yana da yawa a dim sum, kuma ba a ganinsa daga waje. Ɗan kasuwar da ya je saro kaya Guangzhou, ko ɗalibin da abokai suka gayyata a Landan, wajibi ne ya tambaya kafin ya ɗauka. A Singafo akwai rumfuna masu takardar shaidar halal daga majalisar Musulunci ta ƙasar, har ma wurin ajiye tire daban ne. Don haka Musulmi yakan sayo nasa, ya zauna tebur ɗaya da maƙwabcinsa, su haɗu a kan abin da ya halatta ga kowa.

Saboda haka, wanda zai auna gidan abinci irin wannan, kada ya tsaya ga ado ko sunan mai girki. Ya duba ko mai ƙaramin ƙarfi zai iya zama, ko ana faɗin abin da ke cikin abincin ba ɓoye-ɓoye, ko kuma mutum zai iya ce wa abokinsa "bismilla" ba tare da ya fara taɓa aljihu ba. In waɗannan sun samu, ciyayya ta samu. In babu su, abinci kaɗan ne kawai aka sayar da tsada.