Ruwa Ya Samu, Saura Wurin Ajiya

Duk wanda ya bi hanyar Panshekara zuwa Madobi da rani, zai ga fadamun bakin Kogin Challawa sun yi kore shar da tumatir da albasa. Ga masana'antun Challawa a gefe, ga kuma na Sharaɗa, amma abin da ya fi isowa ga ƙaramin manomi daga can shi ne gurɓataccen ruwan kamfanonin jima.

Ba shakka gwamnatoci sun kashe kuɗi a kan ruwa. Madatsar Tiga ta 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ita ta raya Kadawa da Kura, ta Challawa da ke Ƙaraye kuma ta biyo baya a 1992. To, amma tumatir ba ya jira. Cikin Fabrairu da Maris kwando kan faɗi warwas a kasuwar Kwanar Gafan, sai manomi ya yanka ya shanya a ƙasa, ƙura ta yi ta bi ta kai.

An sa rai da kamfanin Ɗangote na Kadawa da aka buɗe a 2016, mai iya markaɗa tan 1,200 a rana. A shekarar ce tsutsar Tuta absoluta ta cinye gonaki, bayan haka kuma kamfanin ya sha rufewa. Manoman da suka jingina da shi kaɗai suka koma hannun dillalai.

A ganinmu, ya kamata Hukumar KNARDA ta ware kuɗi a kasafinta domin ƙananan ɗakunan sanyi da wuraren shanya masu tsabta, a danƙa su hannun ƙungiyoyin manoma, a kuma fara da ƙauyukan bakin kogi na Kumbotso da Madobi.