Malama kuma Kaka: Gadon Matan Holan a Kanada

'Yan shekarun nan jaridun garuruwan Ontario da Alberta na ƙasar Kanada ba sa rabuwa da sanarwar rasuwar wasu tsofaffin mata masu tarihi kusan iri ɗaya. An haife su a Holan wajejen 1930, sun tsallaka teku suna 'yan mata, sun yi shekara da shekaru suna koyarwa, sun rasu sun bar 'ya'ya da jikoki da tattaɓa-kunne. Ba su riƙe mulki ba, ba su tara dukiya ba. Duk da haka ina ganin ya kamata mu tsaya mu dubi rayuwar irin wannan baiwar Allah, domin akwai abin koyi a ciki, akwai kuma abin tsoro.

Ta buɗi ido ne cikin yaƙi. Jamus ta mamaye Holan a watan Mayun 1940, sannan a hunturun 1944 zuwa 1945 yunwa ta faɗa wa yammacin ƙasar, ta kashe mutum kusan 20,000. Uwaye sun dafa wa 'ya'yansu albasar furen tulip don kada su kwana da yunwa. Sojojin Kanada na sahun gaba wajen ƙwato ƙasar a 1945, shi ya sa sunan Kanada ya zauna daram a zukatan mutane. Yaƙi ya ƙare, amma gidaje sun yi ƙaranci, gonaki ba su isa ba, har gwamnatin Willem Drees da kanta ta riƙa ƙarfafa wa jama'a gwiwa su tafi neman arziki a waje. Ana cikin haka ambaliyar 1953 ta ci rai fiye da 1,800. Cikin shekara goma sha biyar da wani abu bayan yaƙin, mutum kusan 400,000 suka bar Holan, kuma Kanada ce ta kwashi kaso mafi tsoka.

Da yawansu a tashar Pier 21 ta Halifax suka sauka, da ƙaton akwatin katako mai ɗauke da duk abin da suka mallaka, daga nan jirgin ƙasa ya nausa da su cikin ƙasa. Manomin da ya tsaya wa iyali shi za su yi wa aiki, galibi shekara guda. 'Yan mata kuwa aikatau suke shiga ko masana'antar abinci, ranar biya su miƙa wa uba kuɗin.

Abin da ya fi burge ni shi ne abin da suka fara yi da guminsu. Sun fito daga ƙasar da tun 1917 gwamnati ke biya wa makarantun addini kuɗi daidai da nata, suka tarar a Ontario banda makarantun gwamnati da na Katolika ba wadda ake ba ko sisi. Ba su zauna jiran kowa ba. Mabiya cocin Reformed suka yi karo-karo, suka tayar da coci, suka tayar da makaranta a gefensa, mazaje na zuwa aikin gayya da guduma bayan sun taso daga gona. Ginin sai da malami, sai ga wannan yarinya da jiya-jiya ta koyi Turanci ta tsaya gaban allo. Ɗaki ɗaya, aji biyu ko uku, albashi ƙasa da na gwamnati. Da safe ta taya ƙanana cire takalman ƙanƙara da rigunan sanyi, da dare bayan nata 'ya'yan sun yi barci ta zauna duba littattafai. Wasu makarantun da aka kafa a lokacin har yau suna nan, jikokin ɗalibanta na karatu a ciki.

Da girma ya zo ta ajiye alli, ta koma Oma, wato kaka. Ranar Lahadi bayan coci gidanta ne matattara: ga kofi, ga miya mai dunƙulen nama, ga alewar na'ana'a da take zarowa daga jaka ta danƙa wa jikan da ya fara mutsu-mutsu. Ranar 5 ga Disamba, bisa al'adarsu ta Holan, kowane jika na samun cakulan da aka ƙera da harafin farko na sunansa. Ta san ajin kowa, ta san wanda lissafi ke ba shi wuya.

Abu ɗaya ne bai tsallaka ba, shi ne harshe. 'Yan Holan sun yi suna wajen saurin sajewa, kuma binciken masanin harshe Michael Clyne a Ostareliya ya nuna suna cikin baƙin da suka fi saurin barin harshensu su koma Turanci. A Kanada ma haka aka yi, da kyakkyawar niyya, don kada yara su zama bare. Sai daga baya aka ga kuɗin da aka biya. Idan gigin tsufa ya kama mutum, sau da yawa harshen da ya koya da girma ne ke fara gudu, na ƙuruciya ya rage. Sai ka ga matar da ta koyar da ɗaruruwan yara Turanci tana magana da jikanta da Holanci, shi kuma ya yi zuru yana kallonta. Gidajen tsofaffi irin su Holland Christian Homes da ke Brampton sun zama mafaka ga irinsu, inda za su samu mai jin abin da suke faɗa.

Mu Hausawa ma mutanen tafiya ne. Zangunan Kumasi da Akara sun riƙe Hausa fiye da shekara ɗari, saboda uwaye da kakanni ba su daina magana da ita a tsakar gida ba. Amma 'yan'uwanmu da ke Landan ko Amurka, har da wasu a Abuja da Legas, suna renon yaran da ba su iya gaishe da kakarsu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mu ɗauki himmar waccan malama wajen gina makaranta da aljihunmu da girmama mai koyarwa tun tana raye, sannan mu ƙara da abin da ya kuɓuce wa zamaninta: mu yi wa 'ya'yanmu magana da harshen kakanninsu kullum, a cikin gida, tun daga goye.