Tsuntsayen Baturiya ba sa bin kalandar makaranta

Duk shekara, idan watan Yuli ya raba, akwai wata shari'a da ake zamanta a gidana, ni ne alƙali, ni ne kuma wanda ake ƙara. Masu ƙarar su uku ne. Babbarsu tana babbar sakandare, autansu kuwa bai daɗe da fara haɗa baƙi ba. Ƙarar ɗaya ce kullum: "Baba, ina za a kai mu wannan hutun?" Akan gabatar mini da shaidu, wai wance an ce za a kai su Dubai, wane za su yi Umara, wasu za su Abuja gidan kawunsu. Uwargida tana gefe tana tsintar shinkafa, lauya ce da ba ta ɓoye ɓangaren da take.

Na san ba gidana kaɗai ake wannan zama ba, shi ya sa na kawo maganar wannan fili. Kafin in shiga cikinta, bari in yi ƙorafi a kan wata kalma. 'Ya'yanmu sun tashi suna jin ana cewa "hutun bazara", domin haka kafofin labarai suka saba fassara lokacin ɗumin Turawa, wato daga Yuni zuwa Agusta, sa'ad da rana ke daɗewa ba ta faɗi ba, mutanen Ingila da Jamus su kwashi iyali su nufi bakin teku. Mu bazararmu daga Maris ce zuwa Mayu, lokacin da ko ƙadangare inuwa yake nema, babu mai hankalin da zai ɗauki yara yawon buɗe ido a cikinta. Dogon hutun makarantunmu kuwa a tsakiyar damina yake faɗowa, daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba. Mun ari sunan, mun ari lokacin, mun manta cewa sararin samaniyarmu ba a ara mana shi daga ko'ina ba. Wannan mantuwa ta taɓa kai ni ta baro, kuma labarin da zan bayar ke nan.

Shekarun baya kaɗan na yanke hukunci cewa ba za mu ƙetare ko'ina ba, Baturiya za mu. Na sha jin labarin dausayin nan da ke ƙaramar hukumar Kiri Kasamma ta Jihar Jigawa, gabas da Haɗeja, na kuma yi wa yara alkawarin tsuntsayen da suka taso tun daga Turai. Muka bar Kano da sassafe a tsakiyar Agusta, muka bi ta Gezawa da Gujungu, muka isa Haɗeja kafin azahar. Hanya ta yi kyau ƙwarai, gero ya yi kai, ko'ina kore shar. Washegari muka bar kwalta, ba mu yi nisa ba motar ta zauna a cikin taɓo har gindi. Samari shida ne suka bar gonarsu suka fitar da mu. Wani dattijo da ya tsaya kallo, da ya ji abin da ya kawo mu, sai da ya yi dariya ta ishe shi sannan ya ce, "Malam, baƙin naka ai suna gidansu yanzu. Ka dawo idan an fara jin ɗari." Muka juya da taɓo a ƙafa da cizon sauro a wuya, autana yana tambaya ko tsuntsayen ma hutu suka tafi.

Yaron bai yi kuskure ba. A watannin da Turawa ke hutunsu, tsuntsayen suna can arewacin duniya suna ƙwai suna ƙyanƙyasa. Kafin sanyi ya kama ƙasashen sosai sai su taso, su ƙetare Bahar Rum, su ratsa Sahara, su sauka a ruwan farko mai yalwa da suka tarar a kudu da hamada. Dausayin Haɗeja da Nguru na cikin irin waɗannan masaukai. Sukan fara isowa wajen Oktoba, su yi ta kiwo har Maris, sannan su koma. Saboda haka mai son ganinsu hutun Disamba ne nasa, ko wani ƙarshen mako a Janairu ko Fabrairu.

Ga wanda bai san yankin ba, ga yadda yake. Kogin Kano da na Challawa ne suke haɗuwa su zama kogin Haɗeja. Idan ya wuce garin Haɗeja sai ya shiga shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai tsofaffin tuddan rairayi, ya rasa gangaren da zai bi da sauri, ya rarrabu ƙorama-ƙorama, ya malale fadamu. Can gaba ya gamu da kogin Jama'are da ya gangaro daga tsaunukan Jos, su zama Komadugu Yobe mai zuba a Tafkin Chadi. Ambaliyar shekara-shekara ita ce ran wurin: ita ke shayar da shinkafa, ita ke kawo kifi, ita ke barin danshin da ake noman rani a kansa, ita ke tsirar da ciyawar da shanun Fulani ke saukowa ci. A 2008 aka sa dausayin Baturiya, mai faɗin hekta sama da 100,000, cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci ga duniya a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, wadda aka ƙulla a 1971 a wani gari mai wannan suna a Iran. A 2020 kuma gwamnatin tarayya ta amince da mayar da gandun ɗaya daga cikin sababbin gandayen daji na ƙasa guda 10. Tun a 1989 Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila, ya tako har Dagona, ɓangaren wannan dausayi da ke Jihar Yobe, don kallon tsuntsaye. Abin kunya ne a ce ni da nake tafiyar awa uku daga wurin sai da furfura ta fara fito mini na taka shi.

Muka koma a ƙarshen Disamba na shekarar, bayan na sha gori wata huɗu. A Haɗeja muka kwana, domin wanda ya tafi Baturiya yana tsammanin otal mai tafkin ninƙaya da wurin shan shayi zai sha mamaki. Muka yi asubanci, muka fara da gaisuwa a ƙofar mai gari kamar yadda ya kamata ga baƙo, aka haɗa mu da ma'aikacin gandu da wani masunci mai kwale-kwale. Hazo bai gama tashi ba muka isa bakin ruwa.

Abin da ya fara isowa gare mu sauti ne, fito siriri daga ɗaruruwan kirinjijiya da suka rufe wani tsibirin ciyawa. Ga dinya manya-manya suna kiwo a gefe, ga zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya kamar wanda aka ba ajiyar wurin, ga jinjimi, ga balbela fari fat a kan giyayya. Sai masuncin ya nuna mana wasu ƙananan agwagi masu farin layi a saman ido, ya ce waɗannan su ne baƙin. Muna cikin kallo wani abu ya firgita wani garken tsuntsaye masu dogayen ƙafafu da ke kiwo a tsohuwar gonar shinkafa, suka tashi gaba ɗaya, suka murɗa a sama kamar hayaƙi, su yi duhu su yi haske. Babbar 'yata, wadda ba ta ɗaga kai daga waya ko a kan abinci, ta tsaya baki buɗe, wayar na hannunta ta manta ta ɗauki hoto.

Masuncin ya ba yara labarin wani tsuntsu da ya taɓa faɗawa komarsa da zoben ƙarfe a ƙafa, an yi rubutun boko da lambobi a jiki. Na bayyana musu cewa masu bincike ne a Turai ke sa wa tsuntsaye irin wannan zobe don su san inda suke zuwa. Ɗana na tsakiya ya yi shiru, can ya ce, "To su ba sa neman biza?" Daren nan sai da aka buɗe taswira, yatsunsu na bin hanya daga Jigawa zuwa Libiya zuwa Italiya. Kuɗin makaranta na shekara uku bai sa sun nemi taswira da kansu ba.

Ban da tsuntsaye, sun ga yadda ake banda tarwaɗa, sun koyi bambanta karfasa da kurungu, sun ci goruba a gindin uwarta, sun ga mata na saƙa tabarma da kaba. Sun ji labarin gaiwa, kifin da ke binne kansa a laka idan ruwa ya janye, ya yi wata da watanni yana jiran damina. Autana bai yarda ba har yau. Sun ji Fulatanci da Barbarci a kasuwa guda, suka gane cewa ba Hausawa kaɗai ke shan kogin nan ba. Da muka dawo Haɗeja da yamma na nuna musu ƙofar fada, na ba su labarin Sarki Muhammadu da ya ƙi miƙa wuya ga Turawa a 1906, ya yi shahada tare da jama'arsa da dama.

Kada mai karatu ya ɗauka aljanna nake tallatawa. Wurin ruwa ne, kuma ruwa ba ya wasa da yaro. Kusan kowace damina sai mun ji labarin kwale-kwalen da ya kife a Jigawa ko maƙwabtanta, yawanci saboda lodi ya yi yawa. Ni dai na sayi rigunan kariya na ruwa tun daga Kano, na kuma ce ba za mu shiga jirgi da kowa ba sai mu kaɗai. Na hana yara wanka ko wasa a cikin ruwan, duk da magiyar da suka yi, domin tsargiya na nan a irin wannan kwantaccen ruwa, ƙwayarta daga dodon koɗi take fitowa ta shiga ta fata, sai bayan makonni a ga jini a fitsarin yaro. Gidan sauro dole ne ko da hunturu, haka ruwan sha da rigunan sanyi, don ɗarin asuba a bakin ruwa ya fi na birni cizo. Kuma lokacin da shanu ke saukowa fadama shi ne lokacin da akan sami saɓani tsakanin manoma da makiyaya a wasu sassan yankin, saboda haka a tambayi mutanen gari halin da ake ciki kafin a ɗaura niyya. Yaron da bai kai shekara biyar ba, a ganina, gara a bar shi wurin kakarsa. Zai gaji, zai yi kuka, tsuntsaye kuma ba sa son hayaniya.

Akwai abin da ya sa nake ganin bai kamata a yi ta ɗaga wannan tafiya ba. Dattawan wurin duk bakinsu ɗaya, ruwan yanzu ba kamar na da ba ne. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, kogin ya daina tafiya yadda ya saba. Ambaliyar da ke zuwa da ƙarfi ta wanke hanyoyin ruwa ta ragu, a maimakonta ruwa na tsiyaya a hankali har da rani, wanda shi ne abin da ciyawar kacala ke so. Ta toshe ƙoramu, ta cinye gonaki da wuraren su, ta zama maɓoyar jan-baki masu cinye hatsi. Wani wuri ya bushe, wani wuri ruwa ya kwanta ya ƙi tafiya, sannan idan shekara ta zo da ruwa mai yawa, kamar 2020 da 2022, ya rasa hanya ya afka wa garuruwa. Ga masu saran itace da gawayi suna cin gandun ta gefe. Mu mutanen Kano da muke shan ruwan Tiga da Challawa, muke cin tumatirin Kadawa da shinkafar Kura, da hannunmu a cikin wannan lamari ko mun sani ko ba mu sani ba. Na so 'ya'yana su ga inda ragowar ruwan da suke buɗewa a famfo yake zuwa, su ga fuskar mutumin da ke jiransa a can ƙasa. Wataƙila a cikin tsararsu ne za a sami injiniyan da zai riƙe makullin madatsar nan wata rana.

Saura tambayar da aka fara da ita: dogon hutun fa, da yake faɗowa a Agusta? Shawarata ita ce a nemi wurin da damina ke ƙara wa kyau ba tare da ta yanke hanyarsa ba, wato tudu da dutse, a bar fadama ga masu ita. A Jigawar nan akwai Birnin Kudu, inda mutanen da suka zana hotunan shanu a jikin Dutsen Habude da Dutsen Mesa tun kafin a san takarda a ƙasar nan, ga duwatsun da ake bugawa su yi ƙara kamar ƙararrawa, kuma garin a bakin kwalta yake. Yankari ma, da mutane ke rububinta a dogon hutu, ciyawa kan yi tsawo a lokacin, dabbobi su watsu cikin daji tunda ruwa na ko'ina. Ruwan ɗumi na Wikki ne kawai ba ruwansa da wata. Wanda kuma yake da ƙauye, ya kai yara su ga yadda ake maimai, su ci ɗanyar masara gasasshiya, su san sunan kakannin kakanninsu.

A zaman shari'ar bana na yanke cewa Agusta ta Birnin Kudu ce da kwana goma a ƙauye, Baturiya kuma sai Disamba in Allah ya kai mu. Ba a ɗaukaka ƙara ba. Sharaɗi ɗaya autana ya kafa, wai a wannan karon sai an tono masa gaiwa daga cikin laka ya gani da idonsa, na kuwa riga na aika wa masuncin nan saƙo.