Kafin ruwa ya sauka: wa ya koya wa mai yasar kanibo aikinsa?

Duk shekara idan watan Mayu ya kama, abu ɗaya ake gani a Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai: ma'aikatan magajin gari a cikin kanibo, shebur a hannu, suna kwaso rairai da leda suna tarawa a bakin hanya. A ɗauki hoto, a sa a Facebook, a ce an shirya wa damana. Bayan mako guda tarin yana nan inda aka bar shi, awaki na tona. Ruwan farko na sauka sai ya maida shi cikin ramin da aka fito da shi.

Mutane da dama na ɗora laifin a kan ragwanci. Mu ba mu yarda ba. Wanda ya wuni cikin wannan ɗoyi a zafin bazara ba rago ba ne. Abin da ya faru shi ne ba wanda ya taɓa zama da shi, ko da mai kula da shi, ya nuna musu cewa yasa daga ƙasa ake faro ta, inda ruwa ke fita, a hauro sama. Kuma ba a fara tono sai mota ko amalanken da zai kwashe dattin a ranar yana tsaye. Wannan ilimi ne, koyonsa ake yi.

Damanar 2024 ta nuna mana tsadar rashinsa. Alƙaluman hukuma sun ce mutum sama da 300 suka rasu a ambaliya a faɗin ƙasa, fiye da miliyan ɗaya suka shiga halin ni-ƴasu. A Damagaram tsohon masallacin tarihi na unguwar Birni ya rushe, kuma sai da aka ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen watan Oktoba. Ba mu ce da an horar da ma'aikata ba za a yi ambaliya ba; akwai ruwan da ya fi ƙarfin kowane kanibo. Amma tsakanin unguwar da ruwa ya wuce cikin awa biyu da wadda ya kwana a cikinta har ya jiƙa gindin katangar ƙasa, sau da yawa bambancin wani ɗan magudani ne da ya toshe ba wanda ya duba.

Abin takaicin shi ne garuruwanmu sun samu ayyuka. Bukukuwan 18 ga Disamba da aka riƙa zagayawa da su sun kawo Maraɗi Kwalliya a 2015, Tawa Sakola a 2017, Zinder Sabuwa a 2018, ga kuma Yamai Nyala. An shimfiɗa kwalta da pabe, an gina magudanan ruwa, an sa fitilu. Kamfanonin da suka yi aikin sun tattara injinansu sun tafi, kulawa ta koma wuyan ma'aikatun magajin gari. An miƙa musu dukiya ta miliyoyin sefa, ba a miƙa musu sanin yadda ake riƙe ta ba.

Ba a rasa horo a ƙananan hukumomi ba, sai dai ina yake zuwa? Tun zaɓen komin na farko a 2004, taron ƙara wa juna sani ba ya yankewa: kan kasafin kuɗi, kan tsarin raya ƙasa, kan haraji. Masu zama a ɗakin taron su ne magadan gari da kansiloli da sakatarori, cikin harshen Faransanci, a tashi da kuɗin zama da takardar shaida. Yana da amfaninsa. To amma a watan Afrilun 2024 an rusa majalisun, aka naɗa kantomomi, duk abin da aka koya wa zaɓaɓɓu ya tafi gida tare da su. Wanda ya rage shi ne direban motar shara, da magini, da mai gyaran fitila, da shugaban leburori, waɗanda shugabanni ke zuwa su tarar, su tafi su bari. Su ne ba a kira taro.

A nan muke son mu daɗe, domin mai kula da aiki shi ne ƙashin bayan lamarin. Idan komin ta ba ɗan kwangila gyaran hanya ko ginin kwalbati, wani ma'aikaci ne zai sa hannu cewa aiki ya yi. Shin ya san marmara ba a jibge ta gaba ɗaya, shimfiɗa-shimfiɗa ake yi, a jiƙa, a danne kowace kafin a ɗora wata? Ya san kankare na bukatar ban ruwa na kamar mako guda, in ba haka ba zafin rana ya tsattsage shi? Zai iya auna gangaren kanibo ya gane ko ruwa zai gudu ko zai kwanta? Mun taɓa tsayawa a wata unguwa inda sabon magudani ke maido ruwa cikin gidajen mutane, don an gina bakinsa sama da cikinsa. An karɓi aikin, an biya. Tsarin kwangilar gwamnati ya tanadi karɓar wucin gadi, da riƙe wani kaso na kuɗin har wa'adin garanti ya cika a yi karɓar ƙarshe. Wannan kariya ba ta da amfani idan mai dubawa bai san abin da yake dubawa ba. Kuma wanda bai sani ba ya fi sauƙin lallashi, ko da ba a ba shi ko dala ba.

Sai batun rai. Rufaffen magudani da ramin masai suna tara iska mai guba da ke sumar da mutum kafin ya ankara. Ma'aikaci ya san a buɗe a bari ya sha iska, kuma ba a shiga sai da wani a sama riƙe da igiya? Takalmin roba, safar hannu da allurar tetanus ba alfarma ba ne.

Masu koyarwa ba sai an ɗauko su daga waje ba. Akwai makarantar EMIG a Yamai, akwai makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa da jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo a Maraɗi, akwai cibiyoyin koyon sana'a a komin da dama, ga injiniyoyin ma'aikatar ayyuka a kowace jiha. Ta fannin kuɗi akwai asusun FAFPA na horon sana'a, da hukumar ANFICT da ke tallafa wa ƙananan hukumomi. Za a ce komin ba su da kuɗi, wasu ma albashi na gagarar su. Gaskiya ne. Amma kwana biyar na koyarwa a bakin kanibo, da Hausa ko Zabarmanci, ga mutum ashirin, bai kai kuɗin sake gina kwalbati ɗaya da ya karye ba.

Kiranmu ga kantomomi da ma'aikatar cikin gida da ke kula da su: a ware layi a kasafin kuɗin kowace komin don horon ma'aikatan fili, a yi shi tsakanin Fabrairu da Afrilu, a wurin aiki. Duk wata sabuwar kwangila a rubuta a ciki cewa kamfani zai koya wa ma'aikatan gari kula da abin da ya gina kafin a biya shi kason ƙarshe. Wanda aka horar kuma a tabbatar da shi a aiki, kada a sallame shi don an canza shugaba. Mu a namu ɓangaren, idan an gayyace mu ɗaukar hoton yasar kanibo bana, za mu koma wurin bayan mako guda mu ga ko tarin yana nan.