Ba Tsadar Na'ura Ce Ta Hana 'Yan Arewa Gidan Rediyo A Kurmi Ba

Duk sa'ad da aka ta da zancen kafa ƙaramin gidan rediyo na jama'a domin 'yan Arewa mazauna Agege ko Sabon Badun, sai wasu manya su kaɗa kai su ce ai wannan aikin gwamnati ne, kuɗinsa ya fi ƙarfin talaka. Wannan magana ba ta da tushe, kuma lalle ne a warware ta.

Me ƙaramar tasha take bukata? Ɗaki guda da aka liƙa wa soso don tsare ƙara, makirufo biyu ko uku, na'urar haɗa sauti, kwamfuta, na'urar watsa shiri ta zangon FM, da eriya bisa doguwar hasumiya. Na'ura mai ƙarfin wat 100 ba ta cin wutar da dutsen guga ɗaya yake ci, amma in eriyarta ta yi tsawo muryarta takan kai kilomita da dama. A 1999 aka buɗe irin wannan tasha a ƙauyen Bankilare na Jamhuriyar Nijar, da hasken rana take aiki. Yau irinta sun wuce ɗari a ƙasar. Shin makiyayan Bankilare sun fi dillalan shanun Ikko kuɗi ne?

Inda nauyin yake shi ne abin da ke biyo bayan buɗewa. Janareta yana shan mai kullum, kuma tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 wannan ya zama babban rami. Maganinsa farantan hasken rana da batura: tsada sau ɗaya, hutu na shekaru. Sai albashin injiniya, da gyaran abin da tsawa ta ƙona, da kuɗin lasisi.

A nan kuwa hukuma tana da nata laifin. Tun 1992 Doka ta 38 ta kafa Hukumar NBC, ta buɗe ƙofa ga 'yan kasuwa, har Raypower ta fara watsa shiri a Ikko a 1994. Amma sai a 2015 aka amince da lasisi 17 na gidajen rediyon jama'a a ƙasar nan baki ɗaya. Attajiri ya shiga da wuri, talaka ya yi shekara ashirin da ɗoriya a bakin ƙofa.

Masu cewa wayar hannu ta wadatar su tuna Idi-Araba a 2002, da Mile 12 a 2016, da kasuwar Shasha a 2021. A irin waɗannan ranaku jita-jita takan riga gaskiya isa, kuma waya ita ce dokinta. Muryar da jama'a suka sani, tana magana da Hausa da Yarbanci a sa'a guda, tana iya tsare rai da dukiya.

Saboda haka ya kamata sarakunan Hausawa da ƙungiyoyin 'yan kasuwa su kafa asusu, kowa ya zuba daidai ƙarfinsa, a riƙa karanta lissafi a bainar jama'a. Kada a bar wani mai neman kujera ya saye kayan shi kaɗai, domin wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Doka ma ta hana ba jam'iyya ko ƙungiyar addini lasisi. Tashar ta zama ta mai turin baro da mai sayar da albasa, su ne za su biya, su ne za su saurara.