Jan Kunne Ga Fatake Da Dillalai A Kan Yankan Daimon

 Mun lura masu zuwa sarin gwal Dubai da Jidda sun fara haɗowa da zobba da 'yan kunne masu daimon, har wasu na cewa ajiyar dukiya ce. Mu 'yan hatsi ne, amma dokar ciniki ɗaya ce: wanda bai san mudu ba, kada ya taya buhu.

Da farko a rarrabe awo. Karat ɗin gwal, 18 ko 21 ko 24, tsabtar ƙarfen yake nufi. Karat ɗin daimon kuwa nauyi ne, karat 5 shi ne giram 1. Kuma kuɗinsa ba ya bin lissafin tiya, domin duwatsu biyu masu rabin karat ba su kai kuɗin guda ɗaya mai karat cikakke ba.

Sa'an nan yanka, nan ne kuɗin yake. Daimon yana fitowa daga rami kamar tsakuwa, sai gwani ya yi masa fuskoki kafin ya riƙa mai da haske. Zagayayye, wanda ya fi kowanne kasuwa, fuska 57 ko 58 gare shi, kuma Marcel Tolkowsky ne ya tsara lissafinsa a 1919. Wajen fitar da shi rabin dutsen ko fiye yana tafiya, kamar yadda dusa ke fita a surfe, shi ya sa ya fi tsada. Murabba'in da ake kira Princess bai cika ɓarnar dutse ba, don haka ya fi sauƙi, sai dai kusurwoyinsa na saurin ɓantarewa. Na Emerald dogo ne mai fuskoki kamar matakala, ba ya ɓoye aibi, ko ɗigo ne a ciki ido zai gani. Mai siffar ƙwai, da mai ɗigon ruwa, da mai tsini biyu irin ƙwallon dabino, suna nuna girma fiye da nauyinsu, amma a duba tsakiyarsu, sau da yawa akwai baƙar inuwa a gicciye. Haka kuma dutsen da aka yanka da zurfi, nauyinsa na ɓuya a gindi, ka biya abin da ido ba ya gani.

Ku dubi Cullinan da aka haƙo a Afirka ta Kudu a 1905, karat 3,106. Gidan Asscher na Amstadam ya yanka shi a 1908, manyan duwatsu 9 suka fito da ƙanana da dama, babbansu karat 530 mai siffar ɗigon ruwa. In aka haɗa su duka, kusan kashi biyu cikin uku na dutsen ya tafi a yanka.

To, ga ra'ayinmu. Gwal ka kai shi kowace kasuwa, sikeli zai faɗi kuɗinsa. Daimon kuwa ranar sayarwa sai abin da mai saye ya taya, kuma masu gwal sukan cire nauyin dutse kafin su biya. Ga kuma wanda ake ƙerawa a masana'anta, daimon ne sosai, ido ba ya rarrabe shi da na rami. A 2018 De Beers ya sa nasa dala 800 kowane karat, a 2025 ya ba da sanarwar rufe wannan reshe bayan farashi ya karye.

Saboda haka wanda zai saya don kwalliyar amarya, ya saya, ba laifi. Amma jarin da za a juya da kaka, kada a binne shi a zobe. Dillali kuma ya faɗi siffa da nauyi da launi da tsabta, na rami ne ko na masana'anta, ya nuna takardar shaida irin ta GIA ta Amurka, a duba lambarta ta dace da dutsen. Wanda ya ƙi kawo takarda, a bar masa kayansa. Riba kan dawo, amana in ta zube ba ta kwasuwa.