Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Ƙaramar Hukumar Wudil

Ranka ya daɗe,

Kowace Juma'a manyan motoci kan bar karar Wudil shaƙe da shanu, su nufi Legas, Fatakwal da Onisha. A can ake yanka su, a can fata da ƙashi da kuɗin mayanka suke zama. Mu nan sai la'ada da kuɗin shiga kara.

Matasanmu ma hanyar suke bi. A da ci-rani ne, a dawo da faɗuwar damina. Yanzu yaro zai tafi acaba ko dako ko gadi, gonar ubansa ta kwana babu mai huɗa. Gaskiya ne abin da suke aikowa yana ɗora tukunya a gidaje da yawa, amma ƙarfinsu wani gari yake ginawa. Da Legas ta hana acaba a wasu sassanta a 2022, da yawa sun rasa abin yi dare ɗaya.

Ai ba ƙarfi muka rasa ba. A Fabrairun 2021, da fataken Arewa suka tsayar da kai shanu da abinci Kudu, cikin kwanaki farashin nama ya tashi a Legas.

Roƙona, ranka ya daɗe, ka nemi gwamnatin jiha ta gina mayanka ta zamani mai ɗakin sanyi kusa da kara, ka kuma jawo Jami'ar Aliko Dangote ta horar da matasan da za su riƙe ta.

Naka,
Wani ɗan Wudil